Na shiga Xubuntu, hoton baya kawai nake gani, babu sandar menu

Malam Isuhu, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Ina neman taimako a kan wata kwamfutar tebur ta ɗakin kwamfutocin makarantarmu a nan Tawa. Xubuntu 24.04 ke kanta, da Faransanci, RAM giga 4. Diskin an raba shi, an bar wa Xubuntu giga 40, kuma dosiyoyin masu amfani duk a cikin giga 40 ɗin suke. Ɗalibai suna shiga da asusu ɗaya mai suna eleve, malamai da wani mai suna prof, shi ne ke da ikon sudo, wato ikon mai kula da sistem.

Ga matsalar. In aka sa kalmar sirrin eleve tana karɓa, hoton baya ya fito, kibiyar linzami tana motsi, shi ke nan. Sandar sama mai ɗauke da menu da agogo da alamar intanet babu ita. Gumakan da ke kan biro babu su. Dannan dama na linzami bai kawo komai. Amma in na danna Ctrl+Alt+T taminal yana buɗewa, da taga cikakkiya, har da maɓallin rufewa. Kashewa da kunnawa bai canza komai ba. An ɗauke kuran tana aiki a cikin makon nan, ko shi ne sanadi?

Wani mai gyara ya ce a goge ta a sake zuba sistem. Akwai ayyukan ɗalibai na jarrabawa a ciki, ba na son a kai ga haka in akwai wata hanya. Ta ina zan fara?

Abdulkarim, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Kada a goge ta. Bayanin da ka bayar ya riga ya nuna sistem ɗin lafiyarsa lau, manhaja biyu ne kawai ba su tashi ba.

Abin da muke kira biro a Xfce, wato tsarin biron da Xubuntu ke amfani da shi, ba abu ɗaya ba ne, ƙananan manhajoji ne kowace da aikinta. LightDM shi ke karɓar kalmar sirri, ya miƙa ka ga xfce4-session, shi kuma ya tayar da sauran. xfwm4 ke zana bakin tagogi da maɓallan rufewa. xfsettingsd ke sauraron gajerun hanyoyin kilabiye irin su Ctrl+Alt+T. xfce4-panel ita ce sandar sama, kuma menu ɗin da kake nema, Whisker, a cikinta yake zaune. xfdesktop ke da gumaka da hoton baya da menu na dannan dama. Tunda taminal ya buɗe da gajeriyar hanya, xfsettingsd na da rai. Tunda tagar tana da baki, xfwm4 na da rai. Waɗanda suka ɓace su ne xfce4-panel da xfdesktop. Hoton da kake gani ma mai yiwuwa wanda allon shiga ya bari ne, ba na biro ba.

Tabbatar da haka tukuna. A taminal rubuta:

pgrep -l xf

Zai jero manhajojin Xfce da ke aiki. Duba ko waɗannan biyun suna ciki. In babu su, tayar da sandar da hannu:

xfce4-panel &

Ka bar taminal ɗin a buɗe, domin in sandar ta faɗi a nan za ta rubuta dalili, kuma in ka rufe shi tana iya tafiya tare da shi. Haka za ka yi wa xfdesktop. In ka ga sun tashi sun zauna, daga baya Alt+F2 ya fi sauƙi, ka rubuta sunan kawai ka danna Entrée.

In sun tashi lafiya amma suka sake ɓacewa a shiga ta gaba, to ajiyayyen zama ne. Xfce yana iya rubuta jerin manhajojin da ke aiki a lokacin da mutum ya fita, don ya maido da su in an dawo. In sandar ta riga ta mutu kafin fitar, ko wani ɗalibi ya rufe ta, jerin zai tafi babu ita, kuma kullum wannan gurguwar ajiyar zai riƙa maidowa. Shi ya sa kashewa da kunnawa bai yi magani ba. Jerin yana cikin dosiye .cache/sessions na asusun eleve. Share shi, sannan ka fita ba tare da an sake ajiyewa ba:

rm -r ~/.cache/sessions

xfce4-session-logout --logout --fast

Wannan --fast ɗin shi ne zuciyar maganar. In ka fita ta hanyar da aka saba alhali ajiyar zama tana kunne, zai sake rubuta abin da ka share yanzu. Babu aikin ɗalibi ko ɗaya a cikin wannan dosiye, ka share da kwanciyar hankali. A kilabiye AZERTY alamar ~ tana kan AltGr da 2, alamar | kuma AltGr da 6.

In kuwa sandar ta ƙi tashi, ko ta tashi fanko, to fayil ɗin saitinta ne ya lalace, kuma nan ne ɗaukewar kuran ke iya shigowa, in ta same shi ana cikin rubuta shi. Wannan gyaran ba a yin sa daga cikin biro, saboda xfconfd, mai kula da saitin Xfce, yana riƙe da saitin a ƙwaƙwalwa, yana iya sake rubuta tsohon a kan gyaranka. Fita zuwa allon shiga, danna Ctrl+Alt+F2, za ka ga baƙin allo yana neman suna. Shiga da eleve, sannan:

pkill xfconfd

mv .config/xfce4/xfconf/xfce-perchannel-xml/xfce4-panel.xml sanda-tsohuwa.xml

mv .config/xfce4/panel sanda-tsohuwa

exit

Ctrl+Alt+F7 zai maido ka allon shiga. Sandar za ta ɗauko saitin asali na Xubuntu, wanda ke ƙarƙashin /etc/xdg/xdg-xubuntu. Na sa mv ne a madadin rm domin in ba nan matsalar take ba, sai a mayar da su inda suke.

Wani abu da ke tare mutanenmu da yawa a baƙin allon nan: kalmar sirri ta ƙi shiga alhali daidai ce. In an zuba sistem da kilabiyen Ingilishi, daga baya aka sa na Faransanci a cikin Xfce kawai, baƙin allo yana nan a QWERTY. Sai a ta koma q, z ta koma w, m ta bar wurinta, lambobin sama kuma su fito babu Shift. Kafin ka sa suna, buga azerty a wurin sunan ka ga abin da ya fito, sannan ka goge. Ka kuma kunna Verr Num in da lambobin gefe za ka yi amfani. Kalmar sirri ba ta nuna ko taurari a nan, haka aka yi shi.

Malama Hadiza, Yamai

Malam Isuhu sannu da ƙoƙari. Abin da Malam Abdulkarim ya faɗa daidai ne, amma ni zan sa mataki ɗaya a gabansa. Giga 40, da dosiyoyin mutane a ciki, da asusu ɗaya na ɗalibai duka: kafin a taɓa kowane saiti a duba ko diskin bai cika ba. In ya cika, za ka share ajiyayyen zama yau, jibi matsalar ta dawo, don abin da ya kashe sandar tun farko yana nan.

df -h /

df -i /

Na farko yana nuna wurin da ya rage. Na biyu yana nuna ko adadin fayilolin da diskin zai iya rajista ya ƙare, wanda ke faruwa in ƙananan fayiloli suka yi yawa ƙwarai ko da akwai sauran wuri. Duk wanda ya nuna 100% shi ne mai laifi.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a nan. Tsarin ext4, wato yadda ake shirya fayiloli a diskin, in ba an canza ba, yana keɓe kashi 5 cikin ɗari na diski ga root, wato babban asusun sistem, shi kaɗai. A giga 40 kusan giga 2 ke nan. Saboda haka sistem yana tashi, sudo yana aiki, kamar babu komai, alhali asusun eleve ba shi da inda zai rubuta ko ɗan ƙaramin fayil. Manhajojin biro kuwa kullum cikin rubuce-rubuce suke a .cache da .config. In wurin ya ƙare ƙaf, galibi ma ba za ka shiga ba, allon shiga zai karɓi kalmar sirri ya yi baƙi ya dawo da kai. Halin da kake ciki ya fi kama da wanda ya rage masa ƴan mega kaɗan.

Na biyu, saboda maganar kuran. In ext4 ya ci karo da kuskure yana aiki, Ubuntu da danginsa sukan mayar da diskin na karatu kawai don kada ɓarnar ta ƙaru. Gwada:

touch ~/gwaji

In ya yi shiru, ana iya rubutu. In ya ce babu wuri, cika ce. In ya ce «lecture seulement», tsaya nan, kada ka ci gaba da sauran gyare-gyaren. Tayar da kwamfutar daga kilen USB mai Xubuntu, kwafe ayyukan ɗalibai zuwa wani diski tukuna, nemo sunan ɓangaren da lsblk, sannan ka duba ka gyara shi da sudo fsck -f a kan ɓangaren, misali /dev/sda3. Sharaɗi shi ne ɓangaren kada ya kasance a buɗe lokacin da ake fsck, in ba haka ba gyaran kansa zai yi ɓarna.

Na uku, ka shiga da prof ka gani. In sandarsa tana nan, manhajar kanta lafiya take, matsalar a cikin dosiyen eleve take. In shi ma babu, to abin ya shafi sistem duka. Amma ka yi df kafin wannan gwajin, don cikar diski tana iya taɓa asusun biyu ta sa ka zargi abin da ba shi ba.

Sai tambaya ɗaya: ana haɗa wannan kwamfutar da majigi a aji? In pgrep ya nuna xfce4-panel tana aiki amma ido bai ganinta, to ba mutuwa ta yi ba. Ko dai an ɗaure ta da wata mafita, kamar VGA ko HDMI, ta ɓuya da aka zare wayar, ko kuma kwamfutar tana ɗaukar akwai allo na biyu ta kai sandar can. xrandr zai nuna allon da take gani a haɗe. Umarnin xfce4-panel --preferences zai buɗe tagar saitin ko da ba ka ganin sandar, a nan sai ka mayar da «Sortie» zuwa ta atomatik, ka kuma duba ko ba a kunna ɓuya da kanta ba.

Malam Isuhu, Tawa

Allah ya saka muku da alheri, Malam Abdulkarim da Malama Hadiza. Ga abin da na samu.

pgrep ya nuna xfce4-session, xfwm4, xfsettingsd, xfconfd da wasu, babu xfce4-panel, babu xfdesktop. Da na tayar da su da hannu duk sun tashi, sandar ta fito da menu da agogo yadda take da. df -h ya nuna 100%, saura 14M. df -i yana ƙasa sosai. touch ya yi shiru. Asusun prof yana shiga da sandarsa. Wannan kwamfutar ba a haɗa ta da majigi.

Abin da ya ɗaure mini kai, dosiyoyin da ake gani a asusun eleve, Documents da Téléchargements da Vidéos, duka ba su kai giga 3 ba. Ina sauran wurin ya tafi? Ban share komai ba tukuna, har da .cache/sessions ɗin, ina jiran ku faɗa mini wanne zan fara.

Malama Hadiza, Yamai

Madalla da ba ka share ba, fara da buɗe wuri. Dosiyoyin da sunansu ya fara da ɗigo ba su fitowa a Thunar, manhajar buɗe dosiyoyi, sai an danna Ctrl+H, kuma a nan nake zaton wurin yake. Daga asusun eleve:

du -xh -d 2 ~ | sort -h | tail -n 15

Zai ɗan jima, sannan ya jero mafi girma a ƙasa. A kwamfutar da ɗalibai ke rabawa, wanda na fi zargi shi ne .local/share/Trash, wato Corbeille. Yaro ya kwafo bidiyo daga wayarsa, ya gama kallo, ya danna Suppr, a ganinsa ya share. Fayil ɗin bai bar diski ba, daga ɗaki aka kai shi rumbu kawai. Tunda sandarka ta tashi, buɗe Corbeille ka duba da ido kafin ka zubar, don wani lokaci aikin ɗalibi na gaske yana ciki, an jefa shi bisa kuskure. In ka gamsu, zubar daga nan, ko da umarnin gio trash --empty.

Ka kuma duba girman .xsession-errors da .xsession-errors.old da ls -lh. In ɗaya ya kai ɗaruruwan mega, wata manhaja ce ke ta zuba kuskure ɗaya ba tsayawa. Karanta ƙarshensa da tail -n 30 ka ga sunanta tukuna, sannan ka mayar da fayil ɗin fanko da truncate -s 0. Kada ka yi rm a kan wanda ake rubutawa yanzu, domin muddin manhaja tana riƙe da shi a buɗe, wurin ba zai dawo ba sai an fita.

Sai ɓangaren sistem. Rubuta su - prof, sa kalmar sirrinsa, sannan:

sudo apt clean

sudo journalctl --vacuum-size=200M

sudo apt autoremove

snap list --all

Na farko yana zubar da fakitocin da aka sauko aka riga aka girka, waɗanda ke taruwa a /var/cache/apt/archives. Na biyu yana rage rajistar sistem. Na uku yana cire tsoffin kernel, wato ƙashin bayan sistem, da fakitocin da babu mai bukata, amma ka karanta jerin da ya nuna kafin ka amince, in ka ga wani suna mai xfce ko xubuntu a ciki ka ce a'a ka kawo mana jerin. Na huɗu saboda Firefox a Xubuntu ta snap yake zuwa, wata hanyar girka manhaja daban da apt, kuma snap yana ajiye tsohon zubi bayan kowane sabuntawa. Waɗanda aka rubuta musu «désactivé» ana cire su ɗaya bayan ɗaya da sudo snap remove, sunan, sai --revision= da lambar da ke layin.

Ka nemi aƙalla giga 5 a buɗe. Bayan haka ne za ka koma eleve ka yi matakai biyun Malam Abdulkarim, share .cache/sessions da fita da --fast. Tunda sandar ta tashi da kamanninta, fayil ɗin saitinta lafiya yake, kada ka taɓa shi.

Mahamadu, Tawa

Malam, ka ce an raba diskin, ina jin ɗaya ɓangaren Windows ne. Shi ma yakan yi irin wannan, amma can manhaja ɗaya ce, explorer.exe, ke riƙe da sandar ƙasa da menu da gumaka gaba ɗaya. Ctrl+Shift+Échap zai buɗe Gestionnaire des tâches, a nemi «Exécuter une nouvelle tâche», a rubuta explorer.exe. In ya dawo amma kullum sai an tayar da shi da hannu, a duba regedit, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows NT\CurrentVersion\Winlogon, ƙimar Shell dole ta zama explorer.exe ita kaɗai. In an ga wani suna an liƙa a gefenta, alamar ƙwayar cuta ce, irin masu yawo a kilen USB, sai a wanke kwamfutar kafin komai. sfc /scannow da ikon mai kula yana gyara fayilolin sistem da suka lalace. In kuma Windows 10 ne, Microsoft ta daina ba shi sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. In ba a amfani da shi, ya fi amfani a ba Xubuntu wannan wurin, giga 40 ta yi kaɗan ga aji guda.

Abdulkarim, Yamai

Malama ta yi gaskiya, wurin ne farko. Ni abin da zan ƙara shi ne yadda za a hana ta dawowa, don asusun da hannu da yawa ke taɓawa bai kamata ya riƙa ajiye zama ba ko kaɗan.

Ana iya kashe ajiyar a cikin «Session et démarrage» da kuma ɗan akwatin da ke tagar fita, amma duk ɗalibin da ya ga dama zai sake kunna ta. Kulle ta daga sama ya fi. Da asusun prof:

sudo mkdir -p /etc/xdg/xfce4/kiosk

sudo nano /etc/xdg/xfce4/kiosk/kioskrc

A ciki rubuta layi biyu, na farko [xfce4-session], na biyu SaveSession=NONE. Ctrl+O ya ajiye, Ctrl+X ya fita. Ka lura wannan yana hana sabuwar ajiya ne kawai, tsohuwar da ke .cache/sessions dole ka share ta da hannu, a kowace kwamfuta ta ɗakin.

Xubuntu yana zuwa da xfce4-panel-profiles. Da zarar sandar ta koma yadda kake so, buɗe shi daga asusun eleve ka ajiye tsarinta, ka fitar da kwafi zuwa kilenka. Ranar da yaro ya cire menu ko ya ja sandar gefe, sai ka maido da tsarin nan take. In maɓallin menu kaɗai ya ɓace, sandar tana nan, dannan dama a kanta, «Tableau de bord», «Ajouter de nouveaux éléments», ka zaɓi Whisker.

Game da kuran, tunda touch ya yi shiru diskin bai koma na karatu kawai ba, amma in an ɗauke ana cikin sabuntawa, wasu fakitoci na iya zama rabi da rabi, kuma cikar diski ma tana katse sabuntawa haka. Bayan ka buɗe wuri, yi sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install. In suka wuce babu magana, babu abin da ya rage a rataye. Ka kuma gwada ondular ɗin da ke ɗakin, in akwai: kunna kwamfutar, bar ta a allon shiga, zare wayar ondular daga bango ka ga ko zai riƙe ta. Batirinsa na gubar-asid ne, galibi 12V 7Ah a ƙanana, kuma zafi irin na Tawa yana rage masa kwana sosai, sai fitilarsa ta riƙa nuna kore alhali ba ya riƙe komai. In ya saki kwamfutar nan take, batirin kawai za a canza, ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa don a ba ka mai girma da bakin waya iri ɗaya.